Idon Puang Tahang

A gidanmu ba a taɓa zana jirgin ruwa a takarda ba. Kakanmu ya sassaƙa jiragen ruwa masu tafiya da iska, masu kai shinkafa birnin Surabaya. Babanmu ya zo ya ɗaura musu inji yana tsaki. Daga shi gizago ya faɗo hannun yayana, Puang Tahang. Mu a garinmu Tana Beru katakon jiki muke fara jerawa, haƙarƙari sai daga baya, don haka babu abin da ke riƙe da siffar jirgi sai idon panrita, babban masassaƙi. Ya tsaya ta baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce a ƙara ko a rage. Kuma ba a gyara wa panrita magana a gaban ma'aikata.

Ni Sakka, ƙaninsa, shekara arba'in ina cusa ɓawon itace tsakanin katakan da ya jera don kada ruwa ya shiga. Mutum ne mai faɗan tsiya. Ya taɓa jifan suruki da kwanon kofi a kan ƙusar itace guda ɗaya. Amma jirgi hamsin da bakwai ya tura teku, ko ɗaya bai taɓa karkata ba, shi ya sa kowa ke haɗiye masifarsa.

Na hamsin da takwas na ɗaukar fasinja ne zuwa tsibirin Selayar: mata da kwandunan kifi, masu zuwa biki, masu jego. Muna katako na shida na lura gefen hagu ya buɗe fiye da dama. Na ce ko idona ne. Washegari na ga Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki soyayyar ayaba, ya damƙi gefen faranti. Da ya juyo rana ta haska fuskarsa, sai ga wata farar yana ta rufe idon da yake auna jirgi da shi.

Ɗansa Rusdi, mai 'ya'ya uku, ya tare ni a bayan tarin katako.

"Baffa, ka gani ko?"

"Na ga me? Ni mai cusa ɓawo ne."

"Haba Baffa! Jirgin nan idan ya sha kaya kwanciya zai yi. Kai ne ƙaninsa, ka gaya masa."

"Kai ba ɗansa ba ne? Ko a kasuwa aka sayo ka?"

Muka rabu a haka, kowa ya jingina wa ɗan'uwansa. Kullum da safe sai in ƙudura yau zan faɗa, in na ga ya tsaya a baya ya kanne ido yana ba da umarni, sai in fasa. In na faɗa, gari ya ji panrita ya makance, shi ke nan an binne shi da ransa. In na yi shiru, mutum tamanin za su hau. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Katako kuwa bai jira ni ba: na bakwai, na tara, na goma sha ɗaya.

Ma'aikata ma sun gani. Filin da ake yini ana tsokanar juna a kan wanda matarsa ta kora, ya koma sai ƙarar guduma.

Ranar Talata da hantsi Yaya ya tsaya a inda ya saba.

"Wai wa ya mutu ne?" ya ce. "Kwana da kwanaki ban ji an zagi kowa ba. Rusdi! Zo nan, ragon banza. Tsaya a gabana. Me ka gani?"

Rusdi ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Da kai nake, ba da Baffanka ba."

"Baba... hagu ta buɗe."

"Da nawa?"

"Yatsu uku."

"Daga ina?"

"Daga na shida."

Guduma ta tsaya ko'ina. Na jira kwanon kofi ya tashi sama. Yaya ya matsa, ya bi jikin jirgin da tafin hannu, dama, sannan hagu, a hankali kamar mai shafa goshin mara lafiya.

"A cire har na shida," ya ce. "Daga yau abin da Rusdi ya gani, shi na gani. Me kuke kallo? Ku kama aiki!"

Ya lalubo kututture ya zauna. Na kawo masa kofi, na sa masa a hannu.

"Sakka, kwana nawa da ka sani?"

"Goma sha biyu, Yaya."

"Goma sha biyu." Ya juya kwanon bai sha ba. "Ni na ɗauka ko duk duniya ta ji tsorona, kai za ka zama idona. Ashe da ka bar ni na kashe mutane don kada in ji kunya."