Suma'ila Mai Tsince Tsaida

Kafin rana ta hau kan duwatsun Birni, Suma'ila na Gaffati ya riga ya isa filin balo, wato ƙwallo, na lakwal, makarantar boko da ke bayan ganuwa. Kayan aikinsa uku ne, ba su taɓa ƙaruwa ba: tsohon buzu mai igiya, da takalman fata masu taushin ƙasa, da ƙwarya mai tsaga. Yakan fara jan buzun daga sandunan gabas zuwa na yamma, ƙarangiya tana maƙalewa a gashin. Sa'an nan ya sa takalman ya bi filin taki-taki, ƙayar tsaida tana cakewa a ƙasansu, yana kankare ta cikin ƙwarya. Idan ya gama, sai ya tuɓe takalman ya sake bin filin da ƙafarsa tsirara. Abin da ya kuɓuce wa buzu da takalmi, tafin ƙafarsa ne yake samo shi.

Dalilin wannan wahala ba ɓoyayye ba ne. Samarin lakwal ba su da takalman wasa, da ƙafar da Allah ya ba su suke buga balo. Ƙwayar tsaida ɗaya ta isa ta zaunar da mai gudu a tsakiyar fili, yana riƙe da diddige, jama'a suna dariya. Shekara goma sha bakwai ke nan Suma'ila yana wannan aiki, tun bayan da aka ɗauke mazaunin gwamna daga Zinder zuwa Yamai da kaɗan. Bana idonsa ya yi rauni, an sallame shi ya koma gida. Magabatanmu ba su jira mutum ya kwanta dama kafin su faɗi alherinsa. A gabansa suke faɗa, yana ji, domin na baya su koya. A kan wannan turba aka rubuta abin da ke biye.

Duk wanda ya zauna a Birni ya san majalisar gindin tsamiya da ke kallon filin. A nan masu son balo suke yanke hukunci a kan Mushe Bukar, malamin da ke horar da samarin (Mushe lakabin malaman lakwal ne, daga Faransanci). Manyan masu shari'ar biyu ne: Malam Modu mai fataucin fata, da Ɗan Azumi mahauci. Babu ɗayansu da ya taɓa sa ƙafa a balo. A shekara ta takwas ta aikin Suma'ila gardamarsu ta kai ƙarshen zafi, domin samarin wata lakwal ta yamma sun ci namu shekara uku a jere, sau biyu a garinsu, sau ɗaya a nan.

"Mutum biyar a gaba," in ji Malam Modu, "amma balo ba ta zuwa gaba. Ba ni in ba ka, ba ni in ba ka, sai ka ce rabon goron suna. A ɗaga ta sama a jefa wa Ɗanladi, dogo ne, ya san abin da zai yi da ita."

"Kai Babarbare, ka tsaya kan fatunka," in ji Ɗan Azumi. "Ɗanladin da Mushe ya sa ya zagaya ganuwa da gudu ana gobe wasa? Ko sa na haɗa da wannan tafiya, ba na yanka shi washegari, naman ya mutu. Kuma a ba su shinkafa da tsakar rana! Wa ya taɓa yin gudu da shinkafa? Fura ake ba namiji."

"Furarku ce ta sa mai tsaron gida barci bara."

"Ba barci ya yi ba, rana ce ta shiga idonsa."

"Rana daga gabas, da la'asar? Allah ya shirye ka, Ɗan Azumi."

Haka ake yi kullum, Suma'ila yana wucewa da buzunsa ba mai ɗaga kai ya dube shi. Sai labari ya fito daga lakwal cewa direkta, Banasare mai son noma fiye da wasa, ya gaji. Ya faɗa wa Mushe Bukar cewa in aka sake cin su, zai kulle balo a akwati, a mai da filin gonar gyaɗa ta lakwal. Kowa ya san abin da wannan yake nufi ga Suma'ila: don filin aka ɗauke shi, in babu fili babu shi.

Ana saura kwana huɗu baƙi, samarin lakwal ta yamma, su iso, mutanen tsamiya suka yi abin da ba su taɓa yi ba: Malam Modu da Ɗan Azumi suka yarda a kan magana ɗaya. Suka kira Suma'ila, aka gusa masa a kan tabarma.

"Malam Suma'ila, zauna," in ji Malam Modu. "Ka san yaron nan nasu na hannun dama, mai gudu kamar barewa? Duk cin da aka yi mana, daga ƙafarsa ya fito. To, ko ta wane gefe suka fara, rabin wasa guda dole ya bi ta kusurwar arewa maso yamma. Ba mu ce ka zuba kome ba, Allah ya kiyaye. Ka dai manta da kusurwar nan kwana huɗu. Namu kuwa a raɗa musu su kauce."

"Tsaida ai ba kai ka shuka ta ba," in ji Ɗan Azumi. "Kuma tuwonka muke karewa, ɗan uwa. Ko kana marmarin komawa Gaffati?"

Suma'ila ya dubi ƙwaryarsa ya ce, "Na ji."

"Ka ji, ko ka yarda?"

"Na ji, Malam." Ya tashi ya ɗauki igiyar buzunsa.

Mai wannan rubutu yana zaune a wurin, kuma bai ce kome ba. Ya kamata a faɗi hakan. Akwai abin da ya wajaba wani a cikinmu ya tuna ranar nan. Dattawanmu sun ba mu labari cewa a da, in 'yan kokawar wani gari za su zo bayan girbi, masu masauki ne suke share dandali, kuma gefen da baƙo zai tsaya shi ake fara sharewa, domin kada a ce ƙasar gari ce ta kayar da shi ba ƙarfin ɗan gari ba. Masu rawani da masu karatu duk suka manta wannan, manomin Gaffati ne ya riƙe shi.

Safiyar wasa, mata masu zuwa rijiya suka ga Suma'ila a kusurwar arewa maso yamma, ƙafa tsirara, ya bi ta sau uku maimakon sau ɗaya. Mushe Bukar, wanda zancen tsamiya ya kai kunnensa, ya zo ya tsaya a bakin fili.

"Baba, fili lafiya?"

"Lafiya, Mushe. Duk faɗinsa."

Mushe Bukar ya ce, "Madalla," ya juya.

Da la'asar baƙi suka sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, aka busa usur. Namu suka yi wasan da ba su taɓa yin irinsa ba, Ɗanladi ya ci ɗaya da ka. Amma bayan an juya, yaron nan mai gudu ya bi ta kusurwar arewa maso yamma sau biyu, a kan ƙasa mai tsabta kamar daɓen ɗaki, kuma sau biyun balo ta shiga. Aka tashi biyu da ɗaya.

Direkta ya cika maganarsa. Aka tuge sanduna. Da don ta shi ne, da an sallami Suma'ila a makon. Mushe Bukar ne ya roƙa a bar shi damina ɗaya ya noma gyaɗar. A kasuwa Ɗan Azumi yana ganinsa sai ya ɗaga murya: "Ga mai sharar baƙi nan! Yaya gyaɗa, ta ci nawa?" Matarsa Tani ta daina zuwa rijiyar unguwa da safe saboda baƙar magana. Suma'ila ya ci gaba da aikinsa. Ya noma filin kamar yadda aka umarce shi, sai dai waɗanda suka lura sun shaida cewa ba irin noman kowa yake yi ba. Duk inda tsaida ta tsiro, da hannu yake tumɓuke ta tun ba ta yi fure ba, ya kai ta bayan duwatsu ya ƙone. Mushe Bukar ya tambaye shi dalilin wannan ƙarin wahala a gonar da ba tasa ba.

"In ta zubar da 'ya'ya bana, Mushe, shekara uku ana tsinta."

"Wa zai tsinta? An kulle balo."

"Akwati ai yana da murfi," in ji Suma'ila.

Bayan an cire gyaɗa, takarda ta zo wa direkta daga malamin lakwal ta yamma. Mushe Bukar ne ya karanta wa mutanen tsamiya fassararta. Malamin ya ce ya kai samarinsa garuruwa da dama, bai taɓa ganin filin da aka yi wasa daga farko zuwa ƙarshe ba wanda ya zauna cire ƙaya sai na Zinder. Ya ce shi da malaman wasu lakwal biyu suna roƙo a riƙa yin wasan shekara a nan. Direkta ba ya son balo, amma yana son a ambaci lakwal ɗinsa a gaban kumandan, Banasaren da ke mulkin gari. Aka buɗe akwati, aka mai da sanduna. Malam Modu ya ce shi dama tun farko bai so shawarar nan ba. Ɗan Azumi ya rantse cewa daga bakin Malam Modu ta fito. Suka yi wata guda a kan wannan, sa'an nan suka koma kan shinkafa da fura, kuma har yau suna kai.

Suma'ila, kai ne wanda aka ce ya manta da kusurwa ɗaya kwana huɗu don ya tsira da abincinsa, ya ƙi. Kai ne ka san za a iya cin mu, ka san wanda zai fara shan wahalar cin, ka tuɓe takalmi ka bi wurin sau uku. Mai tafin ƙafa da ya fi idon wasu gani, ba ka taɓa buga balo ba, ba ka taɓa cewa a ɗaga ta sama ko a bi da ita ƙasa ba, amma duk cin da aka yi a filin nan, namu da na baƙi, halal ne saboda kai. Waɗanda suka yi gudu a kan shararka yau wasu malamai ne, wasu ma'aikatan asibiti, wasu suna soja, kuma babu mai ɗingishi a cikinsu.

Mun gode maka, mu da muka yi magana ranar nan da mu da muka yi shiru. Allah ya sa ka huta lafiya a Gaffati, ya sanyaya idonka, ya saka wa Tani da ta jure tare da kai. Masu riƙe da kowane irin aiki a ƙasar Damagaram, mai awo da mai hukunci da mai koyarwa, kowa yana da kusurwar da za a zo wata rana a ce ya manta da ita. Wanda aka zo wa da wannan magana, ya tuna da mutumin nan.

Ranar da zai tafi, ya miƙa buzu da takalma da ƙwarya ga Sani, magidancin da aka ɗauka a madadinsa. Sani ya dubi filin, ya ga faɗinsa, ya ce, "Baba, ta ina ake farawa?"

Suma'ila ya ce, "Ta gefen baƙi."