Man Gyaɗa a Tafiretar Malam

Malam, maigidana, ya rasu ya bar aiki a cikin tafireta bai gama ba. Shi ke buga wa makarantun firamare na unguwarmu a Azare takardun jarrabawa, a farkon shekarun casa'in. Ni ma ya koya min, ina karɓarsa in ya gaji. Ciwon bai ja lokaci ba. Takardar da ya sa ta ƙarshe tana nan a maƙale, ya tsaya a tsakiyar tambaya.

Yayansa da ke Katagum ya ce a kai tafiretar wurinsa a ajiye kafin rabon gado, tunda yanzu ba mai amfani da ita. Inna, mahaifiyarsu, wadda ta zauna tare da ni don takaba, ta ce a dakata tukuna. Shi kuma hedimastan makarantar da ta ba da aikin ya aiko yana tambaya ko zan iya ƙarasa aikin, don jarrabawa ta matso. Na fahimci abu ɗaya a lokacin, ko da yake ba na fahimtar komai sosai: in na gama aikin nan, ina da bakin cewa a bar min ita. In ban gama ba, za ta tafi Katagum, ni kuma ban iya wata sana'a ba.

Akwai harafi ɗaya a gefen hagu, wanda ƙaramin yatsa ke dannawa. Duk sanda aka taɓa shi sai ya yi ƙara siririya, tsii, kamar ɓera. Na sha yi wa Malam magana a kai.

"Ki rabu da shi," in ji shi. "Gaisuwa yake yi."

Da na zauna zan ci gaba daga inda ya tsaya, ina danna harafin nan sai na waiga ƙofa. Ban san me na waiga nema ba. Na sake dannawa, na sake waigawa. Ga ni ni ce ke bugawa, amma kunnena yana gaya min shi ne a ɗakin, ni kuma ina tsakar gida ina tankaɗe. Na yi ta kuskure. Takardar sitensil, wadda ake bugawa a kai makaranta su fitar da kwafi, ba ta son kuskure, kuma na lalata da yawa.

Inna ta leƙo ta gan ni zaune hannuna a cinya.

"Me ya tsayar da ke?"

"Ƙarar nan, Inna."

"Wannan? Ƙyauren ɗakina ya fi shi kuka, da man gyaɗa na rufe masa baki. Ɗauko kwalbar."

Ban yi tunani ba. Na san akwai man da ake sa wa keken ɗinki, amma ba ni da shi, ba na fita, kuma na gaji da aike. Na cire gashin kaza daga tsintsiya, na tsoma a mai, na bi gindin harafin. Ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ban gane daga wane ƙarfe take fitowa ba, don a ciki ƙarafan suna da yawa, duk iri ɗaya. Sai na shafa wa na kusa da shi, da na kusa da wancan. Inna tana tsaye tana cewa in ƙara. Na ƙara.

Ranar na yi aiki sosai. Bayan 'yan kwanaki na buɗe zanen da nake rufe ta da shi, na tarar da kiyashi sun yi layi daga ƙafar tebur har cikin tafiretar. Man ya yi kauri, ya kama datti. In na danna harafi sai ya tashi a hankali, ya tsaya a sama, ya ƙi komawa. Na danna wani, ya je ya rungume na farko.

Inna ta duba ta ce, "Ikon Allah. Ƙyauren bai yi haka ba."

Aka kira wani mai gyaran keken ɗinki daga kasuwa. Ya zauna a zaure, Inna ta kai masa, ni ina bayan bango ina ji.

"Hajiya, wa ya soya ƙosai a cikin nan?"

"Gyara aka kira ka ka yi," in ji Inna.

"Zan gyara. Gishiri kawai na ga ba a sa ba."

Ya wanke ta da fetur da tsohon buroshin haƙori. Da aka dawo min da ita ban gane ta ba. Tana ƙyalli. Dattin da yatsun Malam suka bari a kan haruffan duk ya fita. Na danna harafin, shiru. Abin da na nema ke nan. Na zauna ina kallonta, na rasa ko godiya zan yi.

Na gama aikin dai, aka kai makaranta.

Ranar kasuwa Yaya ya zo. Muka gaisa, ina daga ƙuryar ɗaki, shi yana bakin ƙofa, Inna a tsakani. Na shirya abin da zan faɗa masa, cewa na gama aikin kuma an kawo wani. Kafin in fara ya ce a fito masa da ita ya gani. Ya tsuguna a kan tabarma, ya sa yatsa ɗaya, kai tsaye kan harafin nan. Ya danna. Ya sake dannawa da ƙarfi.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ita ce, Yaya."

"Ni za ki gaya wa? Ni na raka shi Kano ya sayo ta. Tun a mota take kuka. Ina aka kai tasa?"

Na ce gyara aka yi. Ya ce wa ya ba da izinin a taɓa kayan mamaci kafin a raba. Na san ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Ko gyara ma yana ciki, wannan ban sani ba, har yau ban tambayi kowa ba. Inna ta koma Fulatanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci, suka yi ta yi ban ji rabin abin da suke faɗa ba. Daga ƙarshe aka sake kiran mai gyara.

Ya rantse ita ce. Ya nuna inda fenti ya goge a gefe.

"To, mayar mata da ƙararta," in ji Yaya.

Mai gyara ya yi dariya, sai ya ga ba wanda ya taya shi.

"Alhaji, cirewa na iya. Ban taɓa sawa ba. Wataƙila in ta yi shekaru ta dawo da kanta."

Ya tafi. Yaya bai tashi ba. Ya ci gaba da danna harafin a hankali, ƙarfen yana tashi yana bugun robar da ake naɗa takarda, ba takarda a kai, yana komawa. Ta gefen labule na ga ya juya fuskarsa wajen bango, ya daɗe a haka. Ni na ɗauka don gado ya zo. Wataƙila don gadon ne ma. Ban iya rarrabewa ba.

Da ya miƙe, ya sa takalmansa, ya yi wa Inna magana ba ni ba.

"Ta riƙe. Ni ban san wannan ba."

Bai tsaya cin abinci ba. Da aka zo rabo, aka sa ta cikin kason yaranmu, ba wanda ya ja. Na mayar da ita kan tebur a ranar da Yaya ya tafi, na sa sabuwar takarda, jarrabawar lissafi ta aji huɗu, na fara daga tambaya ta ɗaya.