Ramukan Dabinon Malam Tahiru

Ban taɓa yarda da Malam Tahiru ba, kuma ban ɓoye masa ba. Mutum ne siriri, marar magana, mai sayar da igiya a kasuwar Gidimuni. Da mijin ƙanwata Salamatu zai rasu, sai ya tsallake 'yan'uwansa kaf ya damƙa wa wannan aboki nasa amanar garkarsa ta bakin tafki, ya riƙe wa 'yarsa Hasana har ta mallaki hankalinta. Ba a jima ba Salamatu ta bi mijinta, na ɗauko yarinyar zuwa wurina a Damagaram, na sa ta lakwal, wato makarantar boko.

Amfanin garka yana zuwa, ban ce ba ya zuwa ba: rake, albasa, rogo. Amma ni yawan kirkin nan ne bai kwanta mini ba. Sai kuma na ji wai dabino na ƙaruwa a garkar. A Gidimuni kowa ya san wanda aka ba riƙon ƙasa ba ya dasa dabino, don wanda ya dasa shi ke da itacen, daga itace kuma sai ƙasa. Na ce to, ga inda aka dosa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk hutu sai ya aiko a kai masa Hasana. Ta dawo mini da taɓo har gwiwa, hannu duk ƙaya. Na je Gidimuni na tare shi a kasuwa.

"Malam Tahiru, marainiyar ce ka mayar 'yar ƙodago?"

"Garkarta ce, Hajiya," ya ce, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Kamar in shaƙe shi.

Bara, Hasana na ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, Allah ya yi wa Malam Tahiru rasuwa. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, babban ɗansa Suma'ila ya ce ƙasa ta Hasana ce, amma dabinon da aka ƙara na ubansu ne, gado ne. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Na ɗauki mayafina, ni da Hasana muka shiga mota sai Gidimuni.

Mai gari ya tara mu a cikin garkar. Ya tambayi tsoho Kolo, maƙwabcin garka, wa ya dasa.

"Rami dai Tahiru ke haƙawa," in ji Kolo. "Amma ɗan dabino, wallahi bai taɓa sa shi ƙasa da hannunsa ba. Sai yarinyar nan ta zo, ya kira mu mu tsaya, ta sa, ta rufe. Ku zo ku gani."

Ya kai mu gefen rijiya. Ga ramuka a haƙe, ba komai ciki. Kusa da su 'ya'yan dabino ne naɗe cikin buhu, sun bushe ƙayau. Hasana ba ta zo hutun ƙarshe ba, jarrabawa ta riƙe ta, shi kuma ya yi ta yayyafa musu ruwa yana jiranta har ciwo ya kwantar da shi.

Suma'ila ya sunkuyar da kai. Hasana ta durƙusa bakin ramin tana kuka, tana cewa, "Baba, da ka sa su kawai."

Ni har yau ina cewa mutum ne mai wuyar sha'ani, da ya yi mini bayani da baki, me zai ragu da shi? Yanzu Suma'ila nake sa wa ido. Buhun nan kuwa Hasana ta ƙi a jefar, yana ɗakinta.