Asabar ɗin da muka kwance kafireta da Baba

Da na fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Kawo, roba-roba na saya, irin baburan nan da mata suke hawa, don na gaji da jiran keke kullum safe a bakin titin Unguwar Kanawa. Lafiya lau yake kai ni har damina ta yi nisa. Daga nan ya fara shaƙewa. In na murɗa totur sai ya yi tari, ya mutu mini a tsakiyar hanya.

Wata Asabar da hantsi ina shirin tura shi wurin bakanike, Baba ya kira ni daga gindin mangwaron tsakar gida. Ya daɗe da yin ritaya daga aikin gwamnati, kuma tun ciwon da ya taɓa masa ɓarin jiki hannunsa na dama yake rawa, bai cika fita ba. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa ba ya kama sunana.

"Uwata, tayar da shi in ji."

Na buga kik. Ya karkata kai yana saurare har injin ya mutu.

"Kafireta ce ta yi datti. Kawo sukudireba da sifana, yau ke ce bakaniken."

"Baba, ni ko inda take ban sani ba."

"Mai yi wa mutane allura ce za ta ji tsoron noti? Zauna."

Na ɗaure zanena na durƙusa. Da sandarsa yake nuna mini abin da zan kwance. Na cire murfin roba, na rufe mai, na zare tiyo, sai ga ta: 'yar ƙaramar aba kamar gwangwanin madara, wadda ya ce ita take gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Ya sa na ɗauko farantin silba a kicin don zuba notuna. Umma ta leƙo ta taga.

"Malam, farantin baƙin nawa?"

"Za a wanke," in ji shi, ko waiwayawa bai yi ba.

Da na buɗe ƙasanta sai na ga ruwa kwance ƙarƙashin man, ga wani jan laka kamar na bakin rijiya. Baba ya ce aikin man kwalba ne da nake saya a gefen titi. Na wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori. Sai ya sa na kwance wani ɗan ƙarfe mai launin zinariya mai siririn rami a tsakiya, na ɗaga shi saitin rana. Ban ga haske ba. Na miƙa hannu zan ciro allurar ɗankwalina.

"A'a! Za ki faɗaɗa ramin, ya riƙa shan mai. Tsinko gashin buroshin nan guda."

Na yi ta sakace shi a hankali, ina hurawa, har wani ɗigon haske ya bayyana. Na miƙa masa ya duba, ya gyaɗa kai.

Mayarwa ta fi kwancewa wuya, sai bayan azahar muka gama. Na buga kik har ƙafata ta gaji, shiru. Baba ya bar ni na yi gumi tukuna, sannan ya ce, "Kin buɗe man kuwa?" Umma tana daga ɗaki tana dariya. Ina buɗewa ya tashi. Ya sa na riƙa juya wani ɗan noti kaɗan-kaɗan, idonsa a rufe, har ƙarar ta kwanta.

Ina wanke hannu ya aika a ɗauko masa hularsa.

"Gyara sai da gwaji. Kai ni Rigachikun in gai da ƙanena."

Umma ta fito tana salati, amma ya riga ya dafa kafaɗata ya hau. Muka bi gefen titin Zariya a hankali, manyan motoci suna wuce mu. Bayan Kawo ya fara nuna mini wuraren da ya sani suna gonaki. Mun tarar da Baffa a ƙofar gida yana ɓare masara. Ya miƙe tsaye, ya dubi Baba, ya dube ni. Sai ya shiga gida da sauri yana kiran a kawo tabarma.