Baba da Ledojin Alawa

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a bayan kanta a gidan waya, yana auna wasiƙu, yana manna kan sarki, yana ɗaure takardu dami-dami da roba. A can ya koyi shan alawa. Cewa yake gam ɗin bayan kan sarki na bar masa ɗaci a harshe, alhali tun kafin a haife ni aka ajiye musu soso mai ruwa saboda wannan aikin. Da ya yi ritaya ya bar kan sarki a ofis, ya taho gida da alawar.

Ba a shekara biyu ba likita ya ce yana da ciwon suga. Umma ta karɓi maganar kamar ita aka naɗa ta tsare ƙofa. Ta kulle gwangwanin suga a kabad, ta je da ƙafarta ta ja kunnen mai shagon bakin layinmu. Baba bai yi musu ba. Har ma ya rungumi tattakin yamma da likita ya ce ya riƙa yi, ya riƙe shi fiye da yadda aka nema. Daga baya muka gane cewa tattakin yana ƙarewa ne a wani shago, layi huɗu daga gidanmu, inda ba a san Umma ba.

Ledar alawar ce ta zame masa damuwa. Baba bai taɓa yar da ko tsinke a titi ba, kuma kwandon sharar gida Umma ce ke zubarwa. Sai ya riƙa dawowa da ledojin a aljihu, ya goge kowacce da farcen babban yatsa har ta miƙe, ya ware su launi-launi, ya ɗaure da roba, ya jefa a tsohuwar jakarsa ta aiki da ke saman wadirob.

Ranar da asiri ya tonu ina gidan. Na je neman takardar haihuwata, Umma ta ce duk wata takarda ta gidan nan tana cikin jakar babanki. Ta hau kujera ta janyo, ta zazzage a kan gado. Damin ledoji suka zubo, ja, kore, ruwan zinare, kowanne a ɗaure tsaf. Baba ya shigo da gilashinsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Akawu," in ji Umma, da sunan da ta saba kiransa, "waɗannan wasiƙun wa za a kai wa?"

Baba ya saka gilashin, ya duba su kamar yau ya fara ganinsu.

"Tsinta nake yi a hanya," ya ce. "Sana'a zan fara. Kayan ado ake yi da su, na ɗaki. Mutum ba ya zama haka kawai."

Na zaci faɗa za a yi. Umma ta dube shi na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai, ta ce to madalla, ai sana'a abin so ce. Kashegari ta dawo daga kasuwa da almakashi, allura, zare da kwalbar gam. Ta share teburin baranda ta jera masa su. Kafin azahar ta gaya wa matar maƙwabcinmu, ta buga wa Goggo, ƙanwar Baba, waya, ta faɗa wa mai kawo mana gawayi. Babu hanyar gudu. Baba ya zauna gaban teburin kamar wanda aka kawo jarrabawar da bai karanta ba.

Kwana uku ya yi yana haɗa fure. Abin da ya fito ya fi kama da kyankyason da aka taka da takalmi. Umma ta saka shi a kofin gilashi, ta ɗora saman talabijin, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa.

"Aikin Akawu ne. Ku matso ku gani da kyau."

Goggo ta matso, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yaya, wannan a raye yake ko ya mutu?"

Kunya ce ta koya wa Baba sana'ar. Ya samo wata tsohuwar jakar saƙa ta Umma ya warware ta zare-zare don ya ga yadda aka sarƙe ta. Ya gano cewa in aka ninke ledar gida huɗu, aka karya ta a tsakiya, ana iya zura ƙafafun ɗaya cikin kunnuwan ɗaya, su riƙe juna ba gam. Hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana ninke takarda bai sha wahala ba. Cikin wata guda ya yi ƙananan faya-fayan ɗora kofi guda shida da kwandon ajiye makullai, gefensu a miƙe kamar an ja da rula.

Sai kiyashi suka ji labari. Baba bai san ana wanke ledojin ba. Wata safiya muka tarar da layinsu tun daga ƙofar gida, ya bi ta ƙarƙashin kujera, ya hau ƙafar tebur, ya shige kwandon makullai. Umma ta ɗauki makullin kicin ta yar da shi tana karkaɗe hannu. Ta ce ta ga dai masu saye sun fara zuwa. Daga ranar Baba ke jiƙa ledojinsa a baho da garin sabulu, ya ɗauraye, ya shanya su ɗaya-ɗaya a igiya. Kayan wankinmu suka koma jira sai an sauke nasa.

Unguwa ta ɗauka. Matan layi suka riƙa aiko da ledoji a buhun shinkafa. Mai gadin makarantar da nake koyarwa yana tara masa na filin wasa. Baba kuwa ya zama mai tsauri. Wadda aka yage da haƙori ba ya karɓa. Na taɓa ganinsa a cikin bas ya taɓa kafaɗar wani babban mutum mai jakar ofis, ya ce, "Ranka ya daɗe, murɗawa ake yi ta gefe biyu, ba a ja." Mutumin ya murɗa, ya miƙa masa ledar da hannu biyu.

Ba zan ce ya daina shan alawa nan take ba. Umma ta lura cewa duk abin da ya saƙa, jan launi ne ya fi yawa, kuma ja ita ce ledar alawa mai ɗanɗanon madara da ya fi so. Ta ce abin mamaki, duk garin nan ja kawai ake yarwa a hanyar da Akawu ke bi. Baba ya ce shi ma abin na ɗaure masa kai. Amma aikin yana cin hannu biyu, kuma yatsa mai danƙo yana ɓata ninki. Tattakin yamma ya riƙa tsayawa a juji da bakin makarantu, ya daina kaiwa layi na huɗu. Jan ya yi ta raguwa, har wata rana ya rasa guda goma da zai ƙarasa bakin wani firam ɗin hoto, sai da ya roƙa a maƙwabta.

Da ya koma asibiti, likita ya duba sakamakon gwaji ya ce me ya canza. Baba ya ce harkar alawa ya shiga gadan-gadan. Sai da Umma ta yi bayani kafin likitan ya ajiye biro. Baba ya kai masa kyautar hular fitila da ya saƙa da ledojin, likita ya rataye a ɗakin jira. Sati biyu aka sauke ta, saboda masu ciwon suga sun ce zama ƙarƙashinta da yunwar gwajin safe zalunci ne.

Babban aikinsa shi ne labulen ƙofar falo, mai zanen kogi da kifaye uku. Wata biyar yana yi. Saura kamu ɗaya shuɗi ya ƙare, kuma shuɗin nan na wata alawar tari ce mai yajin gaske da ba mai sha sai maƙogwaro ya matsa masa. An jira sati uku, ba wanda ya yi tari a layin. Kogin yana rataye, ƙasansa a gutsure.

Umma ce ta gaji. Ta fita, ta dawo da fakiti guda, ta zube a faranti, ta kira ni da Goggo. Baba ya kawo shawarar a kwance ledojin a zuba alawar a kwalba. Umma ta ce ba kwalbar alawa da za ta kwana a gidan nan, kuma ba za a zubar da abin da aka saya ba. Muka zauna mu uku muna tsotsa, hawaye na zuba, hancinmu na yoyo. Baba na gefe da baho, yana karɓar leda ɗaya-ɗaya yana dubawa a haske.

"Ya ɗanɗanon yake?" ya tambayi Umma a hankali.

"Kamar an wanke min baki da man zafi."

"Sannu," ya ce. "Ki dai riƙa murɗawa, kin fara ja."

Labulen yana nan a ƙofar falo. In an wuce ta cikinsa yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye, shi ya sa yanzu ba mai shiga falon Umma ba ta sani ba. Baba ya fara wani na tagar kicin, kuma ya ce shi wannan, kore ne zai fi yawa a cikinsa.