Maganar Hannu ta Masaƙar Kakuri

Inna ta shigo Kaduna da ni a goye, ba ta daɗe da fita takabar mahaifina ba. Yayyenta sun ce ta zauna a gida a ci da ita, ta ce ai hannunta bai mutu ba. Ta nemi aiki a wata masaƙa a Kakuri, zamanin da mace Bahaushiya a bakin inji abin kallo ce. Keken maza ta saya, ta ɗaura zane a kan wando, ta riƙa wuce majalisar dattawan Makera ba ta ko sauka. An yi surutu har aka gaji. Ita dai cewa take, wanda abin ya dama ya kawo cefane.

A cikin masaƙa ƙarar inji ba ta bari ka ji ko muryarka, don haka da hannu ake magana. A nan ta haɗu da wata 'yar Binuwai mai aiki a injin kusa da nata. Waccan ba Hausar kirki, Inna ba Turanci, amma hannu ya ishe su. Ranar Lahadi in ƙawar ta taso daga coci, sai su baje a tsakar gidanmu suna wulwula yatsu, suna dariya har da hawaye. Ni kuwa haushi nake ji, don na tabbata wani lokacin da ni ake.

Injin nan ne ya cinye kunnuwan Inna a hankali. Masaƙa ta rufe, tsufa ya zo. Da rikici ya sa maƙwabta suka yi ta tsallake kogi suna komawa arewacin gari, na kama mana haya a can, ta ce ko da igiya ba mai jan ta. Ƙawarta tana Narayi, nan kusa, in ta tafi da wa za ta yi hira? Gaskiyarta ce. Ni sai na ɗaga murya a kunnenta, abin da ke shiga kuma bai wuce "Kin ci abinci?" ba.

Ƙawar ce ta riga ta barin duniya. Daga nan gidan ya yi tsit, mu biyu a ciki kamar 'yan haya.

A ciwonta na ƙarshe murya ta ƙi fita. Sai ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, ta buɗe mini tafin. Na kawo ruwa, ta ture. Na miƙa carbi, na gyara matashi. Ta yi tsaki, ta sake yi. Haka ta yi ta yi mini har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na shiga Kakuri neman tsofaffin ma'aikata. Na sami wani dattijo yana sayar da sabulu da ashana kusa da tsohuwar ƙofar masaƙar. Ya gane Inna tun kafin in gama kwatance.

Na ce, "Baba, me wannan yake nufi?" Na yi masa da hannuna.

Ya ce in sake. Na sake. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"'Yata, duk maganar masaƙa na sani. Wannan ba tamu ba ce. Tasu ce, su biyun."