Tuwon Gayyar da Ba a Ci Ba

Ina yarinya na ɗauka doka daga sama take zubowa kamar ruwa. Mai shela zai fito da 'yar gangarsa, ya zaga ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Tsiga, ya ce mai gari na gaishe ku, an yi shuka, kowa ya ɗaure akuyarsa. In kaka ta yi ya dawo ya ce an gama girbi, a saki dabbobi. Ba mai cewa don me. Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya. Inna kan ce ko miya aka zuba mini sai na nemi sanin wanda ya shuka kuɓewar.

Shelar kakar nan ita ke kashe yayana. A lokacin, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, saurayi ba shi da ta kansa. Da safe yana gandu, wato babbar gonar gida, sai la'asar ta yi sanyi a sallame shi ya je gayaunarsa, ɗan filin da mai gida ya yankar masa. Don haka komai na gayauna a makare yake. Randa dawar gandu ta shiga rumbu, waken samari na nan ɗanye shar. A ranar kuma ake sakin awaki.

Na ga gayaunar Yaya bayan sun bi ta kanta. Ko harawa ba su bari ba. Abin haushi, har da jar akuyar Innarmu a ciki, tana tuƙa tana kallonsa. Ya dawo gida ya samo buhu, ya zuba rigunansa da tsohon bargo, ya ɗaure, ya rataye a ɗakinsa. Ya ce mini idan aka maimaita baɗi, jirgin ƙasa zai hau a Funtuwa ya tafi Kaduna, an ce masaƙa na ɗaukar ma'aikata. Na san halinsa, ba ya faɗa sau biyu. Duk sanda na shiga share ɗakin na ga buhun, sai in kau da kai. Shi kaɗai gare ni.

Mai shelar nan ƙanen kakana ne, akwai wasa tsakaninmu. Na same shi yana gyaran fatar ganga a gindin ɗorawa.

“Tsoho mai ran ƙarfe, wa ke ce maka an gama girbi?”

“Amaryata sarkin tambaya. Mai gari mana.”

“Shi wa ke gaya masa? Hakimi?”

Ya yi dariya har da tari. “Hakimi na can, ina ya san wakenku? Masu gida ne ke zuwa gaisuwa, su ce mun kai dawa rumbu, awaki sun rame a turke. Shi ke nan sai a ce in fita.”

“To samari fa?”

“Wa ya taɓa tambayar samari?”

Na dawo ina juya maganar. Ashe dokar da na ɗauka daga sama take, a zauren mai gari ake ƙulla ta, kan tabarmar da nake wucewa kullum in na kai tallar fura. Na kwashe na faɗa wa Yaya, shi kuma ya kai wa sarkin samari, wani dogon Bamaguje daga unguwar bayan rafi, wanda ba a taɓa wuce shi a kunyar noma ba.

Damina ta kama, mai gari ya kira gayyar huɗa a gonarsa. Gayya ba a ƙin ta. Duk saurayin da ya noƙe ya zubar da mutuncin ubansa. Sarkin samari ya ce za mu je, amma ya kira ni gefe, don ni ce zabiyar 'yan mata, mai ba da waƙa in samari sun duƙa. Ya ce yana son ranar in haɗiye muryata. Wallahi da ya ce in yi azumin wata ya fi mini sauƙi.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Makaɗi ya zo, ya rataya gangar noma, bai taɓa ta ba. Mu 'yan mata muna tsaye a bakin gona da tulunan ruwa, ba tafi, ba guɗa. Ba ka jin komai sai ƙarar garma da numfashi. Na yi mamakin yadda aiki ke da tsawo in babu kiɗa. Waƙa ta yi ta taso mini har maƙogwaro ina danne ta. Amma fa sun yi huɗar tsaf, ba su bar ko kunya ɗaya ba.

Aka fito da tuwo a manyan akusa, miya na ƙyalli da man shanu, an yanka bunsuru. Samari suka wanke hannu, suka saɓa garemaninsu, suka ce a gaida mai gari, suka kama hanya. A wurinmu a yi maka aiki a ƙi cin abincinka ya fi zagi zafi. Kafin magariba magana ta kai kasuwar Bakori.

Washegari aka kira su. Na laɓe bayan danga, don ba zan iya jira a ba ni labari ba.

“Me na yi muku, 'ya'yan nan?” in ji mai gari.

Sarkin samari ya durƙusa. “Ranka shi daɗe, ba raini ba ne. Mun ga bunsurun da aka yanka da wakenmu ya yi ƙiba, shi ya sa muka ce mun riga mun ci rabonmu.”

Wani dattijo ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Babanmu kuwa ya sunkuyar da kai. Aka yi ta ja. Masu gida suka ce ciyawa na ƙarewa, wa zai ciyar da dabba a turke? Yaya, da ban taɓa jin muryarsa gaban manya ba, ya ce samari za su riƙa yankowa daga fadama. Mai gari ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce daga bana ba za a yi shelar saki ba sai sarkin samari ya zo da bakinsa ya ce an gama roron gayauna.

Ban yarda ba sai da kaka ta zo. Dawa ta shiga rumbu, shiru, ba shela. Jar akuyar Inna ta yi ta kuka a turke, Inna na mita, Yaya na dawowa da damin ciyawa a ka. Buhun nan dai yana rataye.

Ran nan da hantsi sai ga tsoho mai shela a ƙofar gidanmu da gangarsa a hammata. Ya ce sarkin samari ne ya turo shi, gayaunar gidan nan kaɗai ta rage. Yaya ya ce a ba shi zuwa la'asar. Muka tafi tare muka yi ta roro, har kwanduna suka cika, wake ya rage a ƙasa tuli. Ya tsaya yana dube-dube, sannan ya ce:

“Je ki ɗakina ki sauko da buhun nan. Ki zazzage kayan a kan gado.”

Da gudu na tafi, ina waƙa tun daga bakin gona.